Mun Haukata Kishiya, Mun Manta da Mai Jego

'Yan uwana mata, matan aure da 'yammata, masu sayen littattafanmu da masu karɓar haya, da masu jira sai maƙwabciya ta gama su ara, har da masu karantawa a waya suna tuƙin tuwo. Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Ƙorafi ne ke tafe da ni, kuma a kan mu marubuta ne. Tunda Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to bari in fara da nawa tudun kafin in ɗaga kai in dubi na kowa.

A littafina na biyu akwai wata kishiya da na ɗora wa duk wani mugun hali da ke duniya. Ta raba miji da uwargidansa, ta ci amanar marayu, ba ta da wurin zuwa sai gidan boka. Da na zo babin ƙarshe sai na rasa yadda zan yi da ita. In kashe ta, na ga ai ta huta. In sa a sake ta, na ga bai isa ba. Sai kawai na haukata ta. A shafi biyu na gama da ita: tana cikin cin abinci ta kwarma ihu, ta yar da ɗankwali, ta yi titi da gudu, washegari aka gan ta a bakin bola yara na bin ta da jifa. Wallahi a duk abin da na taɓa rubutawa babu wanda aka yaba mini kamar wannan. Saƙonni suka yi ta shigo mini, wannan ta ce Anti kin wanke mana zuciya, waccan ta ce haka muke so a riƙa yi musu. Ni kuwa sai fasa kai nake, ina ganin na iya ƙarƙare labari.

Ana nan bayan 'yan shekaru aka kawo wata amarya unguwarmu, ba zan faɗi sunanta ba, yarinya ce mai fara'a da ba ta wuce shekara goma sha tara ba. Duk littattafaina ta karanta, har takan shigo ta ce Anti yaushe na uku zai fito. Allah Ya ba ta ciki, ta sauka lafiya, aka yi suna aka watse. To daga nan ne fa aka fara ganin canji. Yarinyar da ake jin dariyarta daga zaure ta koma shiru. Ba ta barci ko da jariri ya yi barci, abinci sai an yi da gaske, ta zauna ta zuba wa bango ido hawaye na zuba, in an tambaye ta me aka yi mata ta ce ba komai. Uwar miji ta ce shagwaɓa ce irin ta 'ya'yan zamani. Wata ta ce iska ce ta shafe ta wurin wankan jego. Wata kuma ta rantse cewa hannu aka sa mata. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, aka sha jiƙo, har wata biyu abu sai gaba yake. Sai ranar da aka kai yaron rigakafi wata ma'aikaciyar jinya ta dube ta da kyau, ta ja mijin gefe ta ce masa ya kai ta ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Yarinya ta ce allambaran ba za ta ba. Da yake tana jin maganata sai aka roƙe ni in je in lallashe ta. Na zauna bakin gado na yi ta bayani, ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗago ido ta ce, “Anti, ni wa na zalunta? Ai a littafinki ma mugaye ne suke haukacewa.”

'Yan uwa, ban san sa'ad da bakina ya mutu ba. Na dawo gida na kasa cin abincin dare. Tun daga ranar na shiga bin littattafanmu da finafinanmu da wani ido daban, kuma abin da na gani shi ne zan faɗa muku.

Hanya uku muke kawo taɓin hankali a labari, da wuya ki ga ta huɗu. Ta farko ita ce wadda na yi, wato hauka a matsayin bulala. Muguwar kishiya, uwar miji mai raba aure, ƙawa maciyiya amana, duk ƙarshensu ɗaya, bola. Ta biyu ita ce hauka ta hanyar asiri: yarinyar kirki ana gobe ɗaurin aurenta, wata ta je ta binne layu, sai ta fita hayyacinta, ko a yi wa saurayi kurciya ya shiga duniya. Ta uku kuwa ta ban dariya ce, wadda 'yan fim suka fi ƙauna: a sa wa mutum tsumma, a shafa masa toka, a ɗaura masa gwangwanaye, ya riƙa soki-burutsu 'yan kallo na ƙyaƙyatawa.

Wannan abu ba mu muka fara shi ba. Duk wadda ta yi makarantar sakandare ta san Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta tun shekarun 1930. A can, saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ya je ya nemo magani, aka juya halin ɗan da ta haifa ya zama ɓarawo. Kun ga tun daga tushe an ɗora mu a kan cewa idan halin mutum ya sauya to wani ne ya sa masa hannu. Ban ce littafin bai yi kyau ba, ni ma na karanta shi ya fi sau uku. Amma shekara wajen casa'in ke nan, duniya ta san abubuwa da yawa game da ƙwaƙwalwar ɗan Adam, mu kuwa muna nan inda aka bar mu.

Kuma ku lura da kyau, a labaranmu hauka dare ɗaya take zuwa, dare ɗaya take tafiya. Babu alama kafin ta zo, babu jinya in ta zo. In marubuciya na son yarinyar, sai a samo malami daga wani ƙauye ya tono layar, ta yi atishawa uku ta ce ina nake, a sa ranar biki. In ba ta son ta, shi ke nan, bola har abada. Ban cika ganin labarin da aka kai mai wannan lalura asibiti ta sha magani wata shida ta dawo ɗakinta ta ci gaba da girkinta ba, alhali wannan shi ne abin da ke faruwa a zahiri kullum.

Me ya sa muke haka? Zan faɗi gaskiya ko da 'yan uwana marubuta za su ji haushina: lalaci ne. Ƙarƙare labari aiki ne mai wuya. Kafin ki nuna yadda sharrin mutum ke cin sa a hankali, yadda 'ya'yanta za su guje ta, yadda mutane za su daina yarda da maganarta, sai kin zauna kin yi tunani. Hauka kuwa shafi biyu ne. Sannan ku ma masu karatu da naku laifin, don kishi ya sa kuna son ganin an wulaƙanta kishiya iyakar wulaƙanci, mu kuma kasuwa muke nema, abin da kuke so shi muke dafa muku. Kuma ba wai ba mu iya faɗin gaskiya ba ne in mun so. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tun 1990 ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, ta nuna halin da matar da aka kora da tarin 'ya'ya ke shiga, ba ta ɓoye komai ba. Auren dole, zawarci, ilimin 'ya mace, duk mun taɓo su ba tsoro. Amma da an zo kan lalurar ƙwaƙwalwa sai mu koma tatsuniya.

Kada wata ta ce na ƙaryata sihiri ko aljanu. Ni Musulma ce, na san akwai su. Abin da nake cewa shi ne, tunda akwai sihiri ba shi ke nuna duk ciwo sihiri ne ba. In yaro ya yi zazzaɓi muna yi masa addu'a kuma muna kai shi a duba jininsa. Hawan jini da ciwon suga ba mu ce musu sammu. To don me ƙwaƙwalwa kaɗai, wadda ita ma tsoka ce a jikin mutum kamar zuciya da hanta, muka yanke cewa ba ta ciwo sai an jefe ta?

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni tsoro. Ku ɗauko kowane littafi ku dubi tauraruwar labarin, uwargidan nan ta kirki da miji ya juya wa baya. Yaya muke siffanta ta? Ta rame ta yi baƙi, ba ta ci ba ta sha, dare ya raba tana juyi a gado, ta daina kwalliya, ta daina shiga mutane, kullum matashin kanta jiƙe da hawaye, har takan ce da ma mutuwa ta zo ta ɗauke ta ta huta. Babi goma muna jan wannan, sannan mu sa masa suna haƙuri, mu yi ta yabonta. To wallahi in kika kwashi waɗannan alamomi kika kai wa likita, kafin ki rufe baki zai ce miki wannan ciwon damuwa ne. Wato mara lafiya ta gaskiya tana nan a tsakiyar littattafanmu tun farko, mu da muka rubuta ta ba mu gane ta ba. Kuma maganin da muke ba ta ɗaya ne: wani Alhaji mai kuɗi ya fito ya aure ta, ya kai ta Umara da Dubai, sai ta yi ƙiba ta yi fari. Yarinyar da ta tashi tana karanta wannan me muka koya mata? Mun koya mata cewa in ta ji irin haka a jikinta ta yi shiru, ai halin matan kirki ne, wata rana sakayya za ta zo.

Bari in faɗa muku abin da na koyo bayan abin da ya sami maƙwabciyata, don sai da na yi ta tambayar ma'aikatan lafiya ina karance-karance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, wato mutum miliyan 970. Ku duba gidanku ku ƙirga mutum takwas. Mafi yawansu ba sa yawo a titi, ba sa duka, ba sa zagi, ciwon damuwa da na fargaba ne suka fi yawa, kuma ciwon damuwa ya fi kama mata a kan maza. Irin wanda muke zanawa a littafi, mai jin muryoyi da ganin abin da babu, wanda ke cin mutum shekara da shekaru, hukumar ta ce kusan mutum ɗaya ne cikin 300. Shi ma ɗin yana da magani, kuma masu shi sun fi zama waɗanda ake cuta a kan su cuci wani.

Ciwon damuwa ba ɓacin ran yini ɗaya ba ne. Kowa ransa na ɓaci. Amma in mace ta yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciyarta a cunkushe, abin da da yake ba ta sha'awa ya daina, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, ga kasala, ga mantuwa, ga ganin kanta ba ta da amfani, to wannan ya wuce a ce mata ki yi haƙuri. Mu nan sau da yawa ma a jiki yake fitowa. Sai ki ji mace na cewa kaina kamar an ɗora dutse, ƙirjina zafi, wani abu na yi mini yawo a jiki, ta yi ta shan maganin zazzaɓi da na gyambon ciki a banza.

Game da masu jego kuwa, abin hawa uku ne. Akwai 'yar ƙuncin nan da saurin kuka da ke zuwa wa mata da yawa kwana biyu ko uku bayan haihuwa, saboda jiki na komawa yadda yake, ga gajiya ga rashin barci. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, irin na maƙwabciyata, wanda ba ya wucewa da lallashi kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mata 13 cikin 100 da suka haihu suna samun lalura irin wannan, a ƙasashe masu tasowa irin namu kuwa adadin ya kusa 20 cikin 100. Wato a gidan suna biyar da kika je, da wuya babu ɗaya da mai jegon ke murmushin dole. Na uku shi ne mai tsanani, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, yawanci a makonnin farko: ta rikice, ta riƙa surutai, ta ga abin da ba a gani, ta ƙi barci sam. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini, ba a kwana da shi a gida, domin ran uwa da na jariri na cikin haɗari. Amma in an kai ta da wuri akasari tana warkewa sarai.

To ku gaya mini, a cikin dubban littattafan da muka rubuta, kowanne da haihuwa da suna da lissafin turamen atamfa da ragunan da aka yanka, guda nawa ne suka tsaya suka leƙa zuciyar mai jegon? Mun ƙirga akwatunan barka ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa mun bar ta a ƙuryar ɗaki da kofin kunun kanwa.

Wata za ta ce ai labari ne kawai, nishaɗi ne. A'a 'yar uwa. Mace da ke cikin gida, littafin nan da fim ɗin nan da labarin da ake karantawa a rediyo su ne tagarta. Abin da ta gani sau ɗari shi za ta ɗauka gaskiya. In mun nuna mata cewa hauka sakayyar zalunci ce, ranar da ta ji kanta ba daidai ba za ta ɓoye, don kada a ce me ta shuka. In mun nuna mata cewa asiri ne, za ta fara zargin kishiya ko facala ko uwar miji, a ɓata zumunci, a kwashe kuɗin gida a kai wa masu tsubbu, ciwo kuwa na ƙara zama. In mun nuna mata abin dariya ne, ɗanta zai ɗauki dutse in ya ga mara lafiya a hanya. Kuma kun san yadda ake yi in an zo binciken aure, da an ji cewa wata a gidan ta taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa sai a janye, a ce gidan da ake hauka ne. Saboda wannan tsoron iyaye da yawa sun gwammace su kulle 'yarsu a ɗaki da a gan su a layin likita. Daga kulle ɗaki sai mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, kuma a watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure dubban masu lalurar ƙwaƙwalwa a wurare daban-daban a faɗin Najeriya. Ban ce littattafanmu ne suka ƙera sarƙar ba, amma mun taya hura wutar.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wadda mu marubuta kan sa a bakin malamai da iyaye a labari, cewa mai imani ba ya shiga damuwa, rashin tawakkali ne. Subhanallahi. Annabi Yaƙubu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusuf ya kai har idanunsa suka yi fari, wa zai ce ba shi da tawakkali? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Kuma shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe, ba a rubuta masa zunubi. Wanda Allah Ya yi wa rangwame, mu su wa da za mu mai da halinsa bulala? Malaman Musulunci na da ma ba su ɗauki abin da wasa ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Shekara sama da dubu ke nan, mu kuwa a yau muna ce wa mai jego ta daina shagwaɓa.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Ko a nan ƙasar, likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo tun 1954 ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Ya gane cewa mara lafiya ya fi saurin samun sauƙi in ba a yanke shi daga mutane ba. Duniya ta yaba masa har ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Gaskiya ne har yanzu muna da ƙarancin likitoci, don ko a 2022 ana maganar likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200. Dokar da aka daɗe ana aiki da ita ma ta 1958 ce, gadon Turawan mulkin mallaka, sai a watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwa mai kare haƙƙin masu lalurar. Amma duk da haka akwai inda za a je. Akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen da ke duba wannan. Ko ma'aikaciyar da ke yi miki awo ko rigakafin yara kika gaya wa, za ta nuna miki hanya.

Na san kuna son jin yadda aka ƙare da maƙwabciyata. Washegari na koma, na ce mata abin da na rubuta ƙarya ne, ni na ƙirƙira don in gama littafi, kuma na roƙe ta gafara. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗin zan raka ta kuma za mu sa niƙabi. Likita ya zauna ya saurare ta kusan awa guda, ya sa aka duba jininta don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma kan kawo irin wannan kasala, ya ba ta maganin da mai shayarwa za ta iya sha, ya ce kada ta sa ran ganin canji sai bayan makonni, kuma kada ta daina da kanta don ta ji sauƙi. Ya kira mijin ya ce a samo mai taya ta rainon dare ta riƙa samun barci. Ba atishawa uku ta yi ta miƙe ba. An sha fama, akwai ranakun da ta koma kuka, uwar mijin ma har yau tana nan a kan cewa hayaƙinta ne ya yi aiki. Amma wata rana ina tsakar gida na jiyo dariyar nan daga bayan katanga. Yanzu 'ya'yanta biyu, kuma da ta sami ciki na biyu da kanta ta je ta gaya wa likita tun kafin ta haihu. Littafina na biyu dai ba ta sake ɗauka ba, ni ma ban sake buga shi ba.

Don haka 'yan uwana marubuta, ina roƙonku don Allah mu canza. In za mu hukunta muguwa, mu bar halinta ya hukunta ta, mu bar ciwo a matsayinsa na ciwo, wanda ke kama na kirki da na banza. In za mu rubuta mai wannan lalura, mu je mu tambayi masu aikin lafiya kamar yadda muke tambayar sunayen leshi da motoci. Mu ba ta suna da dangi da sana'a, mu nuna ta kafin ciwo da cikin ciwo da bayan ciwo. Ku kuma masu karatu, in kun ga mun koma gidan jiya ku yi mana magana, ku daina tafa mana. Sannan in kun je barka, bayan kun ɗauki jariri kun yaba hancinsa, ku matsa kusa da uwar ku tambaye ta, kina samun barci kuwa, yaya zuciyarki? In ta ce ba komai idonta na kawo ruwa, kada ku tashi da wuri. In kuwa kuka ji mace na ambaton gara ta mutu, ko tana tsoron za ta cuci jaririnta, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Ke kuma da kike karanta wannan kina jin kamar da ke nake, ba ki zalunci kowa ba, ba kuma imaninki ne ya yi rauni ba. Ki gaya wa wadda kika yarda da ita tun yau.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ladan baki ɗaya, inda na yi kuskure Ya yafe mini. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa mu gama da duniya da hankalinmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.